Tatsar Nono ko Madarar Gwangwani ga Uwa Mai Komawa Aiki

Uwar da hutun haihuwarta ya ƙare kafin jaririnta ya cika wata 6, wa'adin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta na shayar da nono zalla, takan tsaya tsakanin zaɓi biyu.

Tatsar nono ba ta cin kuɗi, kuma tana hana nonon ƙafewa, domin gwargwadon yadda ake cire shi jiki ke ƙara samar da shi. Wahalarta ita ce ajiya, domin a ɗaki mai sanyi yakan kai awa 4, a firji kwana 4, alhali wutar lantarkinmu ba abar dogaro ba ce. Tana kuma buƙatar kaka ko mai raino da za ta haƙura ta ba yaron da ƙaramin kofi, kurɓi-kurɓi.

Madarar gwangwani ta fi sauƙin barin gida, amma tsadarta kan sa a tsinka ta da ruwa don ta daɗe, sai yaro ya rame. Bulumbotin da ba a tafasa ba kuwa hanyar gudawa ce. A ganina tatsar ta fi, sai dai idan likita ya ga dalilin akasin haka.