Tromso a lokacin hunturu: inda kuɗi ke biyan buƙata da inda ba sa biya

Garin Tromso yana arewacin ƙasar Norwe, kimanin kilomita 350 sama da layin da aka shata wa yankin Aktik, wato yankin sanyi na ƙarshen arewacin duniya. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan, sai wani haske mai shuɗi-shuɗi na 'yan sa'o'i a tsakar yini, kamar ana dab da magariba. Wannan sharhi ya shafi kwana biyar ne a cikin Disamba, da fita huɗu da aka biya kuɗinsu: neman hasken arewa sau biyu, amalanken karnuka, da kallon manyan kifayen teku. A ganina tafiyar ta ci kuɗinta, amma ba kowace fita ba.

Hasken arewa shi ke jawo yawancin baƙi, kuma a nan aka fi tafka asara. Hasken yana faruwa ne can sama, kilomita 100 zuwa 300, inda ɓurɓushin da rana ke fesowa ke karo da iskar sama, ya ba da kore, wani lokaci da ja ko ruwan hoda a gefe. Manhajojin waya suna nuna ƙarfinsa da ma'aunin Kp, daga 0 zuwa 9, sai baƙo ya zauna yana jiran 5 ko 6. Ba a buƙatar haka a Tromso, domin garin yana ƙarƙashin zoben da hasken ke yi kewaye da ƙarshen arewacin duniya ne, ko Kp na 2 ana gani. Babbar matsalar ita ce gajimare. Garin yana bakin teku, hadari ba ya rabuwa da shi, kuma komai ƙarfin hasken, in sama ta rufe ba abin da za ka gani.

Saboda haka abin da kake saye da kuɗinka direba ne da jagoran da suka san inda sama za ta buɗe. Babbar bas mai ɗaukar mutum arba'in ko hamsin ta fi araha, sai dai ba ta tsayawa sai inda ta sami fili, ba ta cika yin nisa ba, kuma tana komawa da wuri. Ƙaramar mota mai mutum 8 zuwa 16 takan bi hanyar E8 ta Skibotn, inda duwatsu ke tare hadarin teku, in ta kama har Kilpisjarvi a cikin Finlan. Ana tashi wajen ƙarfe shida na yamma, a dawo ɗaya ko uku na dare. Kuɗinta ya haura kurona 1,000 (kuɗin Norwe) ga mutum guda, amma ita zan ba kowa shawara. Kafin ka biya, tambayi iyakar nisan da suke zuwa, da yawan mutanen da ke cikin motar, da ko rigar sanyi da takalmi suna cikin kuɗin. Ka riƙe fasfonka saboda tsallaka iyaka. Ka kuma sa wannan fitar a darenka na farko, domin in ba a dace ba kana da sauran dare. Wanda ya bari sai daren ƙarshe caca ya yi.

Abin da 'yan talla ba sa faɗa shi ne ido ba ya gani kamar kyamara. In hasken ba shi da ƙarfi, zai yi maka kama da farin hayaƙi mai ɗan kore-kore, sai a hoto korensa ke fitowa shar. In kuwa ya yi ƙarfi, sai ka ga kamar ana kaɗa labule daga wannan dutse zuwa wancan, ƙasansa na walƙiya da ruwan hoda, cikin minti goma ya lafa. Don hoto, kafa kyamara a kan ƙafa uku, ISO 1600 zuwa 3200, buɗin ido f/2.8, daƙiƙa 2 zuwa 10, ka saita nisa da hannu a kan tauraro, don a duhu kyamara ba ta iya saita kanta. Sanyi yana shanye batir nan da nan, sai ka ajiye na biyu a aljihun ciki inda ɗumin jiki ke kai masa. Kafin ka koma cikin mota mai ɗumi, sa kyamarar a leda ka ɗaure, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a gilashin, ta daskare da zarar ka sake fita.

Maganar tufafi ba ta wasa ba ce. A cikin gari sanyin Disamba bai cika wuce digiri 5 ƙasa da sifili ba, amma can cikin ƙasa wajen iyakar Finlan yana kai 20 ko 25 ƙasa da sifili, kana tsaye wuri guda kuma. Ulu za a sa a jikin fata, ba auduga ba, saboda auduga tana riƙe gumi, gumin ya huce a jikinka. Takalmi ya kasance da sarari. In ka cusa safa uku ya matse, jini ba zai zagaya ba, yatsun su fi saurin sanƙarewa. Ba banɗaki a jejin, don haka a rage shan shayi, a kuma yi alwala tun daga masauki. A cikin gari titunan ƙanƙara ce mai santsi, ƙusoshin ƙarfe masu maɗaurin roba da ake ɗaura wa takalmi suna nan a kantuna, kada a raina su.

Amalanken karnuka shi ne ya fi ba ni mamaki wajen daɗi, muddin ka zaɓi wanda kai za ka tuƙa da kanka. Amalanke ne marar taya, mai zamiya a kan dusar ƙanƙara, karnuka biyar ko shida ke ja, mutum biyu a kai: ɗaya a zaune, ɗaya a tsaye a baya, a yi canji a tsakiyar hanya. Birkin wani ƙarfe ne mai haƙora da ake takawa. Kafin a tashi karnukan suna ta haushi suna fizga, dole ka taka birkin da ƙafa biyu; da ka ɗaga, haushin ya ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai numfashinsu da ƙarar zamiya. A gangara ka riƙa taɓa birki don igiyar ta zauna a miƙe, in ta saki amalanken zai hau kan karnukan baya. A hawa ka sauke ƙafa guda ka tura. In ka faɗi kada ka saki maƙamar, don ba za su tsaya jiranka ba. Mai ƙyamar taɓa kare ya sani suna tsalle suna ɗare mutum, sai dai rigar da ke waje ta masu wurin ce.

Kallon manyan kifaye kuwa, sai a yi tunani. Suna bin ayarin ƙananan kifayen da 'yan ƙasar ke kira sild, waɗanda a 'yan shekarun nan suka koma wajen Skjervoy, tsakanin Nuwamba da Janairu. Daga Tromso kusan sa'a uku ce a jirgin ruwa kafin a isa, wata ukun a dawo, hasken yini kuma ɗan kaɗan ne. Ana ganin masu baƙi da fari da ake kira oka, da manya masu ƙusumbi, amma yini guda cur ya tafi kan kallon da bai fi sa'a ɗaya da rabi ba. Mai jiri a kan ruwa ya sha magani tun kafin jirgi ya tashi.

Akwai wuraren ziyara masu sauƙi a cikin gari. Keken igiya na Fjellheisen, da aka buɗe a 1961, yana kai mutum tsaunin Storsteinen mai tsawon mita 421 cikin minti huɗu. A hau wajen sha ɗaya na safe, lokacin shuɗin hasken, kuma a duba tukuna don iska mai ƙarfi tana hana shi aiki. Gidan tarihin Polarmuseet ya cancanci sa'a biyu, ga kayan maharba da labarin Roald Amundsen, shahararren matafiyin bincike ɗan Norwe, wanda daga wannan gari ya tashi a jirgin sama a 1928 bai dawo ba.

Ga Musulmi, akwai masallacin Alnor a tsakiyar gari, kuma a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa, jama'ar wurin suna bin lokutan Makka ne wajen salla. A ziyarar makiyayan Sami, 'yan asalin yankin, ana ba da farfesun naman barewarsu mai suna bidos a cikin tanti. Wanda ba zai ci ba ya faɗa tun lokacin biyan kuɗi, a tanadar masa na ganye. Kusan ko'ina da kati ake biya, har kuɗin bas, don haka ba sai an canji kurona da yawa a hannu ba.