Wuni ɗaya a Nairobi: wane tsarin yawo ya cancanci kuɗinka

Wanda ya samu wuni guda a Nairobi, ko bayan kammala taro ko tsakanin jirgi da jirgi, zai tarar da tallar yawon buɗe ido iri-iri, kowane kamfani na cewa zai kai shi wurare biyar ko shida kafin magariba. A aikace, cunkoson titunan Mombasa, Langata da Uhuru ne ke yanke abin da za ka gani. Don haka shawara ta farko ita ce ka zaɓi ɓangare ɗaya na birnin: ko kudu, inda gandun daji da unguwannin Langata da Karen suke, ko tsakiyar gari, inda gidajen tarihi da Masallacin Jamia suke. Bayan haka sai ka duba irin motar da za ka ɗauka, domin a nan mafi yawan kuɗin yake tafiya.

Kudu: gandun daji, 'ya'yan giwa da raƙuman dawa

Idan zuwanka na farko ne, kudu ya fi. Gandun Dajin Nairobi, wanda aka kafa a 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117 ne, kuma bai kai kilomita 10 daga tsakiyar gari ba. Akwai zaki, karkanda, ɓauna, jakin dawa, raƙumin dawa, jimina da dorina, ga dogayen benayen birnin ana hango su a bayan dabbobin. Babu giwa a cikinsa, kada wani mai talla ya ce maka akwai. An katange shi ta gefe uku, kudancinsa kuma a buɗe yake wajen kogin Mbagathi, dabbobi na shiga suna fita, shi ya sa yawansu ke bambanta tsakanin rani da damina.

Ana buɗe ƙofa ƙarfe 6 na safe, kuma lokacin ya kamata ka isa. Zaki na yawo ne da sanyin safiya. Da zarar hantsi ya dubi ludayi sai ya shige inuwa ya kwanta, wanda ya shiga ƙarfe 10 kuwa jakin dawa da barewa zai yi ta kallo. Duk tayin da ya ce za a ɗauke ka daga otal ƙarfe 8 don zuwa gandun daji, ka ajiye shi gefe komai arharsa. Awa uku zuwa huɗu sun isa zagayen, har da tsayawa a wurin da shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a 1989.

Daga nan sai gidan marayun giwaye na Sheldrick, a gefen gandun ta titin Magadi. Awa ɗaya tak ake buɗe wa jama'a, daga 11 zuwa 12 na rana, lokacin da ake fito da 'ya'yan giwayen a ba su madara da manyan gorunan roba, su yi birgima cikin jan taɓo a gabanka, igiya kaɗai ke tsakani. Sai wanda ya kama gurbi tun da wuri ta intanet ke shiga, kuma a watannin Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba gurbin kan ƙare makonni kafin ranar. Ana ba da gudummawar aƙalla dala 20 ga babba, ban da kuɗin shiga gandun, tunda gidan a cikin harabarsa yake. Wannan ne dalilin haɗa su rana ɗaya: ka nemi direba ya tsara hanya yadda tikitin safiya zai wadatar. Nan kuma ne aka fi samun saɓani da masu shirya yawo. Wani zai rubuta gidan marayun a jadawali alhali bai kama gurbi ba, sai an isa ƙofa a fara kame-kame. Ka ce ya turo maka shaidar gurbin da sunanka kafin ka biya ko kwabo.

Cibiyar raƙuman dawa ta Langata, wadda aka kafa a 1979 don ceto nau'in Rothschild, tana buɗe daga 9 na safe zuwa 5 na yamma. Za ka hau dakali, a ba ka ƙwayoyin abinci ka miƙa wa raƙumin da hannunka. Minti arba'in ya isa. Yara na jin daɗinta ƙwarai. Gidan Karen Blixen, marubuciyar nan 'yar Denmark da ta yi noman kofi a wajen har zuwa 1931, yana kusa, amma sai wanda ya san labarinta zai ji ya ci kuɗinsa. Ga sauran mutane tsohon gidan Bature ne da lambu. Idan lokaci ya ƙure, shi za ka fara cirewa.

Motar da za ka ɗauka

Ga gandun daji, zaɓi uku ne. Na farko yawon haɗaka, inda kamfani ke tara mutum shida ko bakwai a bas mai rufin da ake ɗagawa. Shi ya fi arha ga mutum ɗaya, amma motar za ta bi otal-otal tana kwasar mutane, kuma idan ɗaya ya makara kowa ya makara. Ba ka da ikon cewa a tsaya sallah ko a ƙara minti goma wajen karkanda. Na biyu shatar irin wannan bas ɗin kai kaɗai da direbanta. Idan kun kai uku ko huɗu, kuɗin da kowa zai biya yakan zo kusa da na haɗaka, kuma jadawalin a hannunku yake. Ga iyali ko abokan tafiya, wannan ya fi komai dacewa. Na uku Land Cruiser, wadda ta fi tsada nesa ba kusa ba. Amfaninta na fitowa ne a damina, wato Maris zuwa Mayu da kuma Oktoba zuwa Disamba, saboda baƙar ƙasar gandun na zama laka mai santsi, ƙaramar mota ta kafe. A rani ba sai ka kashe wannan kuɗin ba.

Wasu kan yi tunanin shiga da tasi don rage kashe kuɗi. Ƙaramar mota na iya shiga, amma kujerarta na ƙasa, ciyawa ta fi ta tsayi, kuma direban ba ya cikin masu sanar da juna ta rediyo ko waya inda aka ga zaki. Arha ce da ba ta ado.

Kafin ka amince da kowane farashi, ka tambayi abin da ke ciki, a rubuce. Mafi yawan tayin da ke da arha a intanet kuɗin mota da direba ne kawai, kuɗin ƙofa na kanka. Shekaru da dama baƙo na biyan dala 43 a gandun, sai a 2025 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta fitar da sabon jadawali mafi tsada, wanda ya ware rukuni na daban mai rahusa ga 'yan sauran ƙasashen Afirka. Don haka ka faɗa wa kamfani ƙasarka tun farko, kada a lissafa ka a farashin Bature, ka kuma duba adadin da ke aiki a eCitizen, shafin biyan kuɗi na gwamnatin Kenya, kwana ɗaya kafin tafiya. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofar. Ta wannan shafin ake biya, da kati ko M-Pesa, tsarin biyan kuɗi ta waya na Kenya. Ka biya tun ana gobe za ka tafi ka ajiye rasit a waya, domin tsayawa cike fom a bakin ƙofa da asuba na iya cinye rabin awa mafi daraja a ranar. Ita ma motar akwai nata kuɗin shiga. Ka tabbatar wa zai biya.

Ga wuraren da ba gandun daji ba kuwa, Uber da Bolt sun wadatar, kuma sun fi shatar wuni arha idan wurare biyu ko uku kawai za ka je. Direbobi da yawa sun fi son M-Pesa ko tsabar kuɗi a kan kati, wasu ma kan nemi ƙari a kan abin da manhaja ta nuna. Ku daidaita kafin ka shiga. Bas-bas na haya da ake kira matatu da 'yan acaɓa, waɗanda can ake kira boda boda, ba na baƙo mai wuni ɗaya ba ne.

Tsakiyar gari

Wanda dabbobi ba su dame shi ba, ko wanda bai samu safiya ba, tsakiyar gari ta fi masa sauƙi da arha. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke tudun Museum Hill, wanda ke wurin tun 1930, ya cancanci awa biyu: akwai ɗakin ƙasusuwan mutanen farko da aka tono a yankin tafkin Turkana, akwai tsuntsaye ɗaruruwa, akwai tarihin giwar nan Ahmed ta Marsabit da shugaba Jomo Kenyatta ya sa aka yi wa gadi saboda girman haurenta. Gidan macizai na gefensa. Daga nan sai benen KICC, babbar cibiyar taro ta Kenyatta, mai hawa 28, wanda aka kammala a 1973. A kan rufinsa ana ganin birnin gaba ɗaya, idan sama ta washe har tsaunukan Ngong. Ka tafi da fasfo, ana neman shaida a ƙofa. Gidan tarihin jirgin ƙasa na bayan tsohuwar tasha ya dace da mai son sanin asalin garin, tunda Nairobi ta faro ne a 1899 a matsayin zangon ma'aikatan layin dogo daga Mombasa zuwa Uganda. Wurin tunawa da harin ofishin jakadancin Amurka na 7 ga Agustan 1998 ƙaramin lambu ne, rabin awa ya isa.

Ana iya zaga waɗannan da ƙafa, kuma ɗan rakiya na awa biyu ko uku ya fi kamfanin da zai sa ka a mota ka zauna cikin cunkoso tsakanin wurare masu tazarar minti goma. Ka tsaya yammacin titin Moi. Gabashinsa wajen titin Tom Mboya da River Road tashoshin mota ne da turmutsutsu, a nan ake fizge waya. Kada ka ɗauki hoton majalisa, barikin soja ko ofishin 'yan sanda. An haramta shan taba a kan titi sai wuraren da aka keɓe, kuma tun Agustan 2017 leda haram ce a Kenya, don haka ka cire ta daga kayanka tun daga gida. A gandun daji ma ba a yarda da gorar ruwa ta roba mai amfani sau ɗaya ba. Idan an sanar da zanga-zanga, musamman ƙarshen Yuni da 7 ga Yuli, ka bar tsakiyar gari ka koma tsarin kudu.

Masallacin Jamia na titin Banda, a tsakiyar komai, kuma kewayensa cike yake da gidajen abinci na Somaliyawa da Suwahilawa inda za ka ci pilau ko biryani hankali kwance. Da yake birnin na dab da layin da ya raba duniya biyu, rana na fitowa wajen 6:30 ta faɗi wajen 6:30 kusan duk shekara, azahar kuma na kamawa wajen 12:30. Ranar Juma'a titunan kewayen masallacin kan cika maƙil, ka isa da wuri. Mai bin tsarin kudu ya sani cewa kamfanoni kan kai baƙi cin gasasshen nama a Carnivore da ke titin Langata, inda ake gasa naman alade tare da sauran. Ka faɗa wa direba tun da safe idan kana son wani wuri. Unguwar Eastleigh, cibiyar kasuwancin Somaliyawa, za ta burge ɗan kasuwa mai son ganin farashin atamfa, abaya da takalma, amma shiga da fita kaɗai na iya cin awa biyu. Ba a haɗa ta da gandun daji rana ɗaya.

Tsaraba kuwa, kasuwar Masai ba ta da mazauni ɗaya, kowace rana da inda take ci, sai ka tambayi otal. Farashin farko na baƙo ne, ka taya ƙasa da rabi. Shagunan da direba ke tsayawa da kai ba ka roƙa ba, yana da kamasho a ciki.

Idan tsakanin jirage ne

Ƙasa da awa takwas, ka haƙura da gandun daji. Lissafin a fili yake: awa ɗaya ta fita daga filin jirgin Jomo Kenyatta, awa uku kafin tashin jirgi na gaba, sai tafiya da dawowa. Agogon Kenya na gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, ka gyara naka tun a jirgi. Jirgin da ya sauka da asuba shi ya fi dacewa, domin ƙofar gabas ta gandun tana kusa da titin Mombasa, ba sai an shiga gari ba. A Janairun 2024 Kenya ta maye biza da izinin shiga na intanet, a 2025 kuma ta ɗauke wa mafi yawan ƙasashen Afirka wannan sharaɗi, amma katin rigakafin zazzaɓin shawara na nan daram ga mai zuwa daga Afirka ta Yamma. Ka ɗauki rigar sanyi: birnin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, kuma safiyar Yuni zuwa Agusta cikin mota mai buɗaɗɗen rufi ta yi kama da tsakiyar hunturu a Jos.

A dawowa, ka ce direba ya hau babbar hanyar sama mai tsawon kilomita 27 da aka buɗe a 2022 tsakanin Westlands da Mlolongo. Ana biyan kuɗin hanya, fasinja ne ke biya, amma tafiyar da kan kai awa ɗaya da rabi a titin ƙasa tsakanin 4 da 7 na yamma takan koma minti ashirin zuwa talatin. Ka ƙara minti goma sha biyar a lissafinka saboda shingen bincike na bakin filin jirgin, inda fasinjoji ke sauka daga mota su bi ta na'ura da ƙafa kafin su sake hawa.