Daigneault da Monty Williams: dukkansu sun sha kashi, amma ba iri ɗaya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laifin koci ne idan ana ta zura wa ƙungiyar da ake sake ginawa maki goma a jere, shi kuwa ya harɗe hannu, bai tsayar da wasa ba, bai canza kowa ba. Bari in jera maka koci biyu na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ka gani.

Mark Daigneault ya karɓi Oklahoma City Thunder a 2020. Kakarsa ta farko wasa 22 ya ci, ta biyu 24. A Disamban 2021 Memphis ta lallasa su 152 da 79, tazarar maki 73, wadda ba a taɓa yin irinta a gasar ba. Monty Williams kuwa ya je Detroit Pistons a 2023 da kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78.5, ya ci wasa 14 cikin 82, har aka doke su sau 28 a jere. A takarda duk kanwar ja ce.

Bambancin yana wajen rabon mintuna. Wasa minti 48 ne, kuma a ƙungiyar yara mintunan nan su ne jari. Daigneault gwaji yake yi: yau wannan biyar ɗin, gobe wancan. Da dogon ɗan wasansu Chet Holmgren ya ji rauni bai buga kakar 2022-23 ba, sai ya riƙa sa Kenrich Williams, wanda ba dogo ba ne can, a tsakiya, suna rama rashin tsawo da gudu. Sun ci 40 a kakar, sannan 57, sannan 68 da kofi a 2025, kuma Shai Gilgeous-Alexander da Lu Dort da aka sha wuyar da su suna cikin masu ɗaga shi.

Monty Williams fa? Farkon kaka ya ajiye Jaden Ivey a benci, yaron da ƙungiyar ta ɗauka na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022, ya fifita Killian Hayes, wanda aka sallama a Fabrairun kakar. Ga kuma ɗabi'ar fitar da 'yan farko biyar gaba ɗaya ya zuba 'yan benci zalla, kafin tauraronsu Cade Cunningham ya dawo an riga an yi musu nisa. Wannan ne ya fi ba ni haushi, don ba a samu nasara ba, yaran kuma ba su ƙaru ba. Kuma ba wai bai iya ba ne, shi ne gwarzon koci na 2022 da Phoenix ta ci wasa 64.

Batun tsayar da wasa da ka fi damuwa da shi, ni ban ɗauke shi babba ba. Sau bakwai kawai koci ke da damar yin haka a wasa, kuma wasu kan ƙyale yara su fitar da kansu daga rami don su koya. Abin da nake dubawa shi ne wa ke cikin fili a minti biyar na ƙarshe.

Sai dai a yi wa Williams adalci. J.B. Bickerstaff da ya gaje shi ya ci wasa 44, amma an kawo masa Malik Beasley da Tim Hardaway Jr. da Tobias Harris, masu jefa ƙwallo daga nesa, Cunningham ya samu filin kutsawa. Williams bai samu irinsu ba.