Siramik, mai garin ƙarfe, ko na tsere: wane takalmin birki ya dace da motar hawa?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce motarka ta zuwa aiki ce, amma kakan yi doguwar tafiya da ita ta hanya mai gangara, kuma a gangaren ne birki ya fara wari, ya daina kamawa yadda ka saba. Yanzu kana neman takalmin birki mai ƙarfi, ka rasa na ɗauka cikin ukun nan.

Kafin a kai ga zaɓi, ga abin da nake so ka riƙe. In ka taka birki da ƙarfi a busasshen titi har ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, to takalmin da ke motar ya riga ya fi ƙarfin tayarka. Sabon takalmi ba zai rage maka tazarar tsayawar farko ba, wannan aikin taya ne. Abin da kake saye shi ne juriyar zafi. Birki gudu yake mayarwa zafi, kuma in gudu ya ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Taka ɗaya ba komai. A taka ta takwas ko ta goma, cikin gangara da kaya a but, nan ake gane na ƙwarai.

Siramik da mai garin ƙarfe, wanda za ka ga an rubuta semi-metallic a kwalinsa, su ne aka fi rikitawa. Siramik shiru gare shi, ƙurarsa kaɗan ce kuma ba ta baƙanta wili, ba ya cin faifan birki sosai, yana kuma daɗewa. Ga mai yawon cikin gari babu kamarsa. Amma sunan yana ruɗar mutane, suna zaton shi ne birkin kabon-siramik da ake sa wa Porsche da Ferrari. Wancan faifan ne kansa aka yi da wani haɗi na daban, ba ruwansa da wannan takalmin. Siramik na kasuwa don jin daɗi aka yi shi, ba don azabar zafi ba.

Mai garin ƙarfe kuwa yana cizo tun da sanyinsa, kuma yana ci gaba da cizo bayan ya ɗau zafi, saboda ƙarfen da ke cikinsa yana kwashe zafin daga fuskar takalmin. Sai dai ka shirya wa baƙar ƙura a wili, da ɗan ƙara wani lokaci, da faifai mai saurin cinyewa. Ni dai a irin tafiyarka wannan zan ɗauka, ko kuma cikin waɗanda aka haɗa musamman don titi da tuƙi mai zafi, irin su Hawk HPS da EBC Yellowstuff. Wanke wili ya fi mini sauƙi a kan birkin da zai saki a kwana.

Na tsere kam, don Allah ka bar shi. An yi shi ne ya yi aiki bayan ya gasu. Da sassafe, birki na sanyi, yaro ya ɓullo titi, lokacin da ka fi bukatarsa ke nan, kuma lokacin ne cizonsa ya fi rauni. Ga ihu, ga goge faifai kamar dutsen wasa wuƙa.

In kwalin ya zo hannunka, duba abu biyu. A gefen takalmi da yawa akwai haruffa biyu, kamar FF ko GG. Na farko kamunsa ne da matsakaicin zafi, na biyu kamunsa bayan ya yi zafi sosai. A ma'aunin ƙarfin kamu, E tana nufin 0.25 zuwa 0.35, F 0.35 zuwa 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55. Wanda aka rubuta wa FE kamunsa raguwa yake yi da zafi, ba naka ba ne. Sai tambarin ECE R90, dokar Turai da ta ce takalmin canji kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Lokacin da birkin ya saki, yaya ka ji shi a ƙafa? In ya tsaya da taurinsa amma mota ta ƙi tsayawa, laifin takalmi ne. In kuwa ya yi laushi yana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa, kuma ko wane takalmi ka sa ba zai magance ba. Man birki yana zuƙar danshi. Man birki mai lambar DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Celsius, amma in ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 155. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2. Ana iya komawa DOT 5.1, amma kada a ruɗe da DOT 5, shi na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran.

Ranar da aka ɗaura, a canza hagu da dama tare, kuma makanike ya auna kaurin faifai, mafi ƙarancin da aka yarda da shi yana rubuce a jikinsa. Daga nan ka nemi hanya marar cunkoso, ka yi ta rage gudu da matsakaiciyar taka sau da yawa ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya birkin ya huce. Haka takalmin ke shafa wa faifai siririn rufi ya zauna daidai. In ka tsaya ka danne birki yana da zafi, zai bar tabo, sitiyari ya riƙa rawa.

A gangaren nan kuma, ka sauko da giya ƙasa tun daga sama, inji ya riƙe motar, ka riƙa taka birki kana saki maimakon ɗora ƙafa a kai har ƙasa.