Ruwan cire danƙon salatif daga kujerar fata: na gwada, ga yadda muka kwashe da shi

Lokacin da muka tashi daga tsohon gida, masu kwasar kaya sun lulluɓe kujerarmu ta fata mai cin mutum uku da bargo, suka bi ta da salatif ɗin nan mai ruwan ƙasa da ake ɗaure kwali da shi. Inda bargon bai kai ba, wato hannun dama da wani sashe na baya, sai suka manna salatif ɗin kai tsaye a jikin fatar. Ban ankara ba a ranar, hankalina yana kan firji da kayan fashewa. Kujerar ta yi sati bakwai a wani ɗakin ajiya mai zafi kafin a gama gyaran inda za mu koma. Da na zo ɓanɓarewa, ledar salatif ɗin ta fito salin alin, gam ɗin kuwa ya ce yana nan daram. Layi uku ya bari, kowane faɗinsa kusan santimita 5. Cikin kwana biyu ƙura da zaren tufafi suka bi suka manne, layukan suka yi baƙi ƙirin a kan kujera mai launin ƙasa-ƙasa mai haske. Duk baƙon da ya ɗora hannu sai ka ga ya janye yana duba tafinsa.

Masu ba da shawara ba su yi wuya ba. Ƙanena ya ce, "Yaya, ka ba ni kananzir da tsumma, minti biyar na gama maka da shi." Mai ɗakina ta ɗauko ruwan goge jan farce. Wani abokin aiki ya rantse mini da man zaitun. Allah ya taimake ni ban yi ko ɗaya ba, sai na kira wani dattijo mai gyaran kujeru da na taɓa kai wa aiki. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wace irin fata ce?" Na ce, "Baba, fata dai." Ya yi dariya, ya ce in nemi wurin da ido ba ya kaiwa, in ɗiga ruwa ɗigo ɗaya, in jira minti biyu, sannan in sake kiransa.

Wannan ɗigon ruwan ya fi duk abin da na saya daga baya amfani. Fatar kujera iri-iri ce. Akwai wadda aka rina kawai aka bar ta tsirara, ana ce mata anilin, tana da laushi da kyan gani, amma tana shan duk abin da ya taɓa ta. Akwai wadda aka yi wa siririn shafe a sama. Akwai kuma wadda aka fesa wa launi sannan aka rufe da shafen kariya, ita ce aka fi samu a kujerun falo da na mota. Sai masu gashi-gashi, nubak da suwed, waɗanda ba a kusantarsu da ruwan cire gam sam. Idan ɗigon ya nutse wurin ya yi duhu, fatarka tsirara take, ka ajiye duk wata kwalba ka nemi gwani. Idan ya tsaya a sama kamar raɓa a kan ganye, tana da rufi. Tawa ruwan ya tsaya, sai Baba ya ce to akwai hanya.

Abin da na saya ƙaramin kunshi ne mai kwalba uku: ruwan cire gam da aka rubuta an yi shi domin fata mai rufi, ruwan wankewa mai kumfa, da man ciyar da fata, tare da farin ƙyalle guda biyu. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin irinsa suna da yawa, kuma sunan da ke gaban kwalba bai kai rubutun da ke bayanta muhimmanci ba. Misali, mutane da dama suna cewa a yi amfani da Goo Gone, wanda ya yi suna wajen cire danƙo daga gilashi da ƙarfe, alhali masu yin sa da kansu sun saka fata da suwed cikin abubuwan da suka ce kada a shafa masa. Kafin ka biya kuɗin kowace kwalba, ka juya ta ka nemi kalmar fata, ka ga ko tana cikin jerin abin da aka yarda ko na abin da aka hana.

Ban fara da ruwan ba. Baba ya ce in rage gam ɗin da hannu iya yadda zan iya, domin kowane ɗigo da ban zuba ba riba ce ga kujerar. Na kunna dirayar busar da gashi a mafi ƙarancin zafinta, na riƙe ta nesa kamar taƙi ɗaya, ina yawo da ita don kada zafin ya taru wuri guda. Da gam ɗin ya yi laushi sai na dinga murza shi da babban yatsa, yana naɗewa ƙulu-ƙulu kamar dattin wanka. Inda ya yi kauri na tura shi da gefen tsohon katin banki a kwance, ba a tsaye ba. Dabarar da ta fi ba ni mamaki ita ce cire gam da gam: ka yanko sabon salatif, ka danna a kan danƙon, ka fizge da sauri, ka sake. Gam ya fi son ɗan'uwansa a kan fata, sai ya bi shi. Da waɗannan kaɗai na kwashe fiye da rabi. Abin da ya rage shi ne siririn danƙon da ya shige cikin zanen fatar, wanda yatsa ba ya kamawa.

A nan ne kwalbar farko ta shigo. Na gwada ta tukuna a ƙarƙashin kujera, kusa da ƙafa, na bar wurin ya kwana. Babu launi a jikin farin ƙyallen, wurin bai dushe ba. Washegari na hau aikin sosai. Ba a zuba ruwan a kan kujera, a kan ƙyalle ake ɗigawa, a dafa shi a kan danƙon, a ba shi kamar minti ɗaya, sannan a share daga gefe zuwa tsakiya don kada a yaɗa ɓarnar. Kowace sharewa sai ka juya ƙyallen zuwa wuri mai tsabta, in ba haka ba gam ɗin da ka ɗauke kake mayarwa.

Zagaye na farko ya ba ni haushi ƙwarai. Na zaci zan ga danƙon ya narke nan take, sai na ga ya ɗan saki kawai, ya koma kamar majina, ya ƙara faɗi. Na ce lallai an sayar mini da ruwan banza mai ƙamshin lemo. Ƙanena yana tsaye a kaina yana cewa, "Ai na faɗa maka, Yaya." Zagaye na biyu ya ɗauke wani abu, na uku zanen fatar ya fara bayyana, sai a na huɗu yatsana ya zame a wurin ba tare da ya maƙale ba. Layi ɗaya ya ci mini kusan minti arba'in.

Daga baya na fahimci cewa rashin ƙarfin nan da ya ba ni haushi shi ne ainihin abin da na saya. Gam ɗin salatif ba irin gam ɗin kafinta ba ne da ke bushewa ya ƙame. Shi ba ya bushewa, wani abu ne tsakanin ruwa da daskararre, ana yin sa da roba haɗe da ƙaro ko kuma da sinadarin akirilik, yana kamawa ne idan an danna shi. In ya samu zafi da tsawon kwanaki sai ya malala a hankali cikin kowane ɗan rami na abin da yake kai, shi ya sa sati bakwai a ɗaki mai zafi ya yi mini wannan aika-aika. Shi kuma shafen kariyar da ke saman fatar kujera, da akirilik ko foliyuretan ake yin sa. Ka ga ke nan gam ɗin da rufin kujerar kusan 'yan gida ɗaya ne. Duk ruwan da ke da ƙarfin narkar da ɗaya cikin ƙiftawar ido, zai taɓa ɗayan. Asiton da ke cikin yawancin ruwan goge farce yana cinye rufin har ya kwaso launi. Tina, wato ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, ita ma haka. Sifirit ma idan aka dage da gugarsa yana dusar da wuri. Kananzir da fetur za su cire gam ɗin, ba musu, amma suna bi ta ɗinki da ƙananan tsagu su shiga cikin fatar, su dagula man da aka sa mata tun wurin jima don ta yi laushi, ga warin da ba ya barin ɗaki. Man zaitun kuwa yana sassauta danƙo, sai dai a fata mai sha yana barin baƙin tabo, kuma man da aka tatsa daga tsiro yana ɓaci ya yi ɗoyi in ya daɗe. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Duk da wannan bayanin da nake zubawa yanzu, sai da na yi wauta. A layi na uku, na bayan kujera, na gaji, na naɗe ƙyallen a yatsa na dirje wani wuri da ƙarfi. Gam ɗin ya fita da wuri, amma da ya bushe sai ga wani fili kamar girman farcen babban yatsa ya rasa sheƙinsa. Launin bai tafi ba, hasken ne ya mutu. Laifina ne, ba na ruwan ba, ko da yake da takardar da ke cikin kunshin ta yi gargaɗi da babbar murya a kan dirza, da wataƙila na saurara.

Takardar nan ita ce babban abin da zan soki kayan a kai. Layi biyar ne kacal, babu maganar gwajin ɗigon ruwa, babu bayanin yadda mutum zai gane irin fatarsa, an dai rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa ba na anilin da suwed ba ne, kamar kowa ya san abin da ake nufi. Na ɗiga ruwan cire gam ɗin a cikin wata tsohuwar jakar fata mara rufi don in ga abin da zai faru, tabon yana nan har yau. Wanda ya sayi kayan nan bai san irin kujerarsa ba zai iya yi wa kansa ɓarnar da ta fi ta salatif. Bakin kwalbar ma ya cika faɗi, kana son ɗigo uku sai ya kwararo, dole na koma tsoma tsinken audugar goge kunne, wanda ya fi dacewa ma a gefen ɗinki inda danƙo ke ɓuya. Ɗaya daga cikin ƙyallayen yana zubar da zare. Ƙamshin lemon kuma ba na wasa ba ne, daga man ɓawon lemo ake samun sinadarin limonin da irin waɗannan ruwan suke ɗauke da shi, sai an buɗe taga.

Kwalba ta biyu na ɗauka cikon kunshi ce kawai, ashe dole ce. Ruwan cire gam yana barin maiƙo, in ba a wanke shi ba zai ci gaba da jan ƙura, kuma ba a son ya kwana a kan rufin. Kumfar ta ɗauke shi tas a shafa biyu. An hana amfani da sabulun wanki a nan saboda dalili: fatar da aka jeme tana wajen 5 a ma'aunin pH, wato tana da ɗan tsami, shi kuwa sabulun sanda yana kaiwa 9 zuwa 10, yawan haɗa su yana busar da fata har ta fara tsagewa. Man kwalba ta uku bai burge ni sosai ba. A fata mai rufi kaɗan ne ke shiga ciki, yawancinsa a sama yake zama. Amma ya daidaita sheƙin hannun kujerar da sauran jikinta, ya kuma ɗan rufa wa wurin da na dirje asiri. Na shafa wa hannun gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki, don kada wurin da aka gyara ya fita daban.

Akwai abin da ruwan bai iya ba ko kaɗan. A kujerar da nake zama in yi rubutu akwai wani tsohon ɗigon sufa gulu da yara suka zubar. Na jiƙa shi sau uku, ko gezau. Shi wannan gam ɗin da zarar ya haɗu da laimar iska yake ƙamewa ya zama kamar roba mai tauri, ba danƙo ba ne da za a sassauta, kuma asiton da ke narkar da shi shi ne dai mai cin rufin fata. Na bar shi yadda yake.

Wani abu da na ci karo da shi ya ba ni dariya: tun a 1925 wani ma'aikacin kamfanin 3M a Amurka, Richard Drew, ya ƙirƙiro salatif ɗin takarda mai sauƙin kamu, saboda masu fentin mota suna kuka da yadda abin da suke mannawa ke ɗaye musu sabon fenti. Shekara ɗari ke nan ana wannan rigima, masu kwasar kayana ba su samu labari ba. Ko irin na masu fenti ɗin ma ban yarda ya kwana a jikin fata ba. Bargo ake naɗawa ya rufe ko'ina, salatif ya hau kan bargo.

Wanda kujerarsa ke da rufi, kuma danƙon na salatif ne ko na sitika, zan ce masa ya saya, ya ware yamma guda, ya fara da zafi da yatsa kafin ya buɗe kwalba. Mai anilin ko suwed kada ya taɓa shi. Yau wata uku da yin aikin, hannun kujerar sumul, bai tsage ba, bai canja launi ba, ƙura ba ta taruwa a wurin. Kwalbar farko ko kashi ɗaya cikin huɗu ban ci ba. Wurin da na dirje yana nan a baya, sai hasken yamma ya faɗo ta taga yake nunawa, na kuwa matsar da kujerar ta jingina da bango.