Ƙwayar bitamin D da na sayo wa maman yara a kemis: dubu bakwai ta tafi

Jama'a bari in ba ku labarin wata kwalbar magani ko wani zai tsira da kuɗinsa. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye nan gefen Gumel. Cikin watan Janairu, ranar kasuwa, na shiga wani kemis sayen maganin ƙarin jini da aka rubuta wa maman yara a wajen awo, lokacin cikinta wata biyar. Sunan shagon ba zan faɗa ba, don yaron da ke tsare wajen bai da wani mugun nufi, abin da ya gani a waya kawai yake harbawa.

Ya miƙo min maganin, sai ya ce "Malam, yaushe ake sa ran haihuwar?" Na ce in Allah ya kai mu wajen Mayu. Sai ya riƙe baki, wai ai an yi bincike, yaran Afrilu da Mayu sun fi kamuwa da wata cutar jijiya da ake cewa MS, mai kashe ƙafa da ido, kuma maganinta uwa ta sha bitamin D tun da ciki. Toh kun san mai mace da ciki a gida, ko cewa aka yi ya sayi ƙasa a leda zai saya. Na zaro dubu bakwai na ba shi.

Sai da na isa gida na duba kwalbar da kyau. Lambar NAFDAC akwai, wannan na yaba. Amma saura wata huɗu ta ƙare aiki, ga ƙura a murfin, da na ɓalle na zare audugar sai na tarar ƙwayoyin, irin masu taushi ɗin nan masu mai a ciki kamar idon kifi, sun manne da juna sun zama dunƙule ɗaya, sai da na sa cokali na ɓanɓaro guda. Daga gani ta sha zafin bazarar bara ƙarƙashin rufin kwano, ba fanka ba komai. A jiki an rubuta 5000 IU, wato ma'aunin yawan bitamin ɗin da ke cikin kowace ƙwaya.

Allah ya taimake ni kafin ta sha na kira ƙanwata, tana aikin nas a Gilasgo can Sukotland. Wallahi dariya ta fara yi har da tari. Ta ce "Yaya, binciken gaskiya ne, amma ba da ku ake ba." Cutar dai sunanta maltipul sikilarosis, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta dinga cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gwigwiye robar wayar lantarki, sai saƙo ya daina wucewa daidai, a ga ƙafa ta mutu, ido ya dushe, gajiya ba dalili. Ta fi kama mata, yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Suwidin da ita Sukotland ɗin, tsibiran Okni na arewacinsu ma suna cikin inda ta fi yawa a duniya. A wajenmu nan ba kasafai ake ganinta ba.

Maganar watan haihuwa kuma, a 2005 aka fitar da wani bincike a kan marasa lafiyan Kanada da Birtaniya da Denmak da Suwidin, aka ga haihuwar Mayu ta ɗan fi yawa a cikinsu, ta Nuwamba ta ɗan ragu. Ɗan bambanci ne fa, ba wai duk ɗan Mayu ba. Abin da ake zato shi ne uwar ta yi rainon cikin a hunturunsu, lokacin da rana ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin D da ita, daga Oktoba har Maris. Ta ce a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi a Gilasgo, ta fita aiki da duhu ta dawo da duhu. Abin da ya fi burge ni ma, a Ostireliya da hunturunsu ke faɗowa tsakiyar shekara, sai lissafin ya juye, 'yan Nuwamba da Disamba ne abin ya fi shafa. Kenan ba watan ba ne, hasken rana ne. Mu kuwa a Jigawa wane wata ne rana take tafiya hutu? Ko a tsakiyar hunturu ka tsaya bakin masallaci da hantsi ka ji yadda take gasa ƙeya.

Kuma ba rana kaɗai ba ce. Ta ce shan taba na ƙara haɗarin, akwai gado, sannan a 2022 wani babban bincike a kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna ƙwayar cutar Epstein-Barr tana da hannu sosai a ciki. Yaron kemis bai kai nan a karatunsa na waya ba.

Inda ta daina dariya shi ne da na karanta mata 5000 ɗin. Ta ce a can abin da ake shawartar mutum ya sha kullum 400 ne, kuma kar a wuce 4000 a rana sai da umarnin likita, don shi ba ya fita da fitsari kamar wasu, taruwa yake a jiki, ya tara sinadarin kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda. Ku duba fa, mai ciki aka ce in bai wa kullum.

Adalci dai, ba ina cewa bitamin D banza ba ne. Ita kanta ƙanwar tawa tana sha duk shekara, don baƙar fata ta fi jinkirin haɗa shi, ga ranarsu ba ƙarfi. Ko a nan ma macen da ke wuni a ɗaki, in za ta fita ta rufe ko'ina, tana iya rasa shi, kuma zama bayan gilashin taga ba ya yi. Amma maman yara da ke shara da wanki da shanyar kuɓewa a tsakar gida mara rufi? Ranar awo na kai wa nas ɗin kwalbar, ta jujjuya ta ce "Malam a ajiye wannan, ta ci gaba da na ƙarin jinin da folik, in ana zargin ƙarancinsa gwaji ake yi tukuna."

Na koma shagon sati na zagayowa, mai shagon da kansa ya ce an ɓalle murfi ba a karɓa. Ban ja ba. Na dai roƙe shi ya sauke sauran daga saman kantar nan da kwano ke dafawa, ya ce to. Maganin ƙarin jininsu mai kyau ne kuma ya fi na cikin gari sauƙi da ɗari biyu, shi zan ci gaba da saya a wajen. Kwalbar kuwa tana saman sif inda yara ba sa kaiwa, har yanzu dunƙule ɗaya.