Na'urar mayar da ruwan teku ruwan sha: yadda muka same ta a jirginmu

Duk wanda ke shirin kwashe iyali ya koma zama cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, nesa da tasha, ba famfo ba wutar layi, ruwan sha ne lissafinsa na farko. Ni da maigida da yaranmu biyu mun daɗe muna jigilar jarkoki a ƙaramin kwalekwale kafin muka sa wannan na'ura, mai aiki da batir na bolt 12. Ina goyon bayan sayenta, amma da sharaɗi.

Aikinta ba shi da wuyar fahimta. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Famfo yana tura ruwan da ƙarfin da ya kai bar 55 (bar ma'aunin matsi ne) zuwa wani tantani mai ƙananan ƙofofi, ruwa mai daɗi ya wuce, mai gishirin ya koma teku. Tamu tana ba da kusan lita 30 a awa, tana cin wutar batir kusan amp 10. Shi ya sa da tsakar rana muke kunna ta, lokacin da farantan sola suka cika batura. Ranar da hadari ya rufe, sai haƙuri.

Canjin da ta kawo a kan yara na fi ganinsa. A da, sai su fito daga iyo gishiri ya bushe musu a wuya da bayan gwiwa, fata ta yi ja, ƙaramar ta kwana tana susa, ni kuwa ina auna ruwan ɗauraya da kofi. Yanzu kowa yana wanka da yamma, zanen gado ya daina danshin nan da gishiri ke jawowa. Na kuma daina yi wa yaro tsawa don ya zubar da rabin kofi, wannan kaɗai ya sauƙaƙa zama a ɗaki mai ƙunci.

Sharaɗin shi ne kulawa, kuma mai sayarwa bai faɗa mana girmanta ba. Idan ta yi kwana biyar zuwa bakwai ba ta aiki, dole a wanke cikinta da ruwa mai daɗi, in ba haka ba ƙwayoyin cuta su hayayyafa, ruwan ya fito da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan wankin ma sai ya bi ta filtar gawayi, domin kilorin yana lalata tantanin. Filtocin gaba, masu tace datti kafin ruwa ya kai ga tantanin, na maikiron 20 da na 5 (ma'aunin ƙanƙantar ƙofofinsu ke nan), suna toshewa da sauri inda ruwa ya gurɓace, kuma kada a kuskura a kunna ta a tashar da mai ke yawo a kan ruwa. Ga ƙara: famfon yana ƙarƙashin gadon yara, barcin rana ba ya yiwuwa idan tana aiki. A ruwa mai sanyi kuma abin da take bayarwa yana raguwa sosai.

Kafin ruwa ya shiga tanki, babban ɗanmu ne ke gwada shi da ma'aunin gishiri; in gishirin ya haura miligiram 500 a lita, ba ma sha. Duk da haka jarkoki biyu cike suna nan ɗaure a bayan jirgi, ba a taɓa su sai na'urar ta tsaya.